Wakilin Cikin Labbo

A Argungu aka haifi Labbo, a wani gida da ke kusa da gulbi, inda ƙamshin kifin banda yake shiga har cikin tufafin da aka ninke a akwati. Mahaifinsa masunci ne. Waɗanda suka san Labbo yana saurayi sun ce siriri ne kamar karan gero bayan girbi. Idan ya kifa cikinsa a kan gora, wato babban duman nan da masunta ke hawa su yi iyo, ya riƙe homa, ragarsa ta kamun kifi, a hannu, ruwa bai ma san an ɗora masa kaya ba. Haka zai yi ta lilo a kan gulbi tun hantsi, rana tana wasa a bayansa, har kifi ya gaji da ɓuya.

Da noman shinkafa ya bunƙasa a fadamar Rima, injinan ban ruwa suka fara kuka daga Gulma har Ambursa, sai Labbo ya rataye homa a zauren ubansa. Ya koma Birnin Kebbi da matarsa Balaraba da 'yarsu Nazifa, suka kama gida a Nassarawa, ya zama dillalin shanshera, shinkafar da ba a kai ga cashe ta ba. Shi ke bin ƙauyuka ya ga manoma, ya murza ƙwaya a tafin hannu, ya ciza ya ji bushewarta, sannan ya haɗa mai gona da masu injin casa na birni. Ba shi da gona, ba shi da rumbu. Abin da yake da shi kawai baki mai daɗi da amanar mutane.

Amanar nan kuwa tana da hanyarta. Manoman da Labbo ke hulɗa da su ba sa buɗe bakin buhu ga wanda bai ci abincin gidansu ba. Kafin a yi zancen shinkafa sai an shimfiɗa tabarma a zaure, an kawo akushi. In baƙo ya ci ya side hannu, to ya zama ɗan gida, maganarsa ta kama ƙasa. In ya ce ya ƙoshi, sai mai gida ya dube shi a kaikaice ya ce, "To, Allah shi kai mu wata shekara." An gama ciniki ke nan tun ba a fara ba.

A lokacin kaka Labbo yakan shiga gidaje da yawa a yini guda, kuma kowane gida da akushinsa. Nan tuwon shinkafa da miyar sure, man shanu yana iyo a kai. Can fura da nono mai kauri, an zuba sukari har ludayi yana ƙoƙarin tsayawa da kansa. Gaba kaɗan soyayyar tarwaɗa, a kora da lemon kwalba don a nuna masa ƙauye ma ya waye. Kuma Labbo ba ya ci shiru. Yana kai loma yana yabo, har muryarsa ta tsallaka katanga ta shiga kunnen matan gida.

"Kai! Wanga tuwo! Jiya na ci na Ambursa na ce an gama, ashe ban zo Gulma ba."

Gobe in ya je Ambursa sai ya juya zancen.

Mai kai shi duk waɗannan wurare maƙwabcinsa ne, Isuwa, ɗan kudancin Kaduna, Kirista, wanda ya daɗe a Birnin Kebbi har 'ya'yansa suna cewa "awo" maimakon "i". Isuwa yana da mashin, kuma siriri ne ƙwarai. In ya tsaya a gefen mashin ɗin sai ka ɗauka sandar jingina shi ce. Matarsa Veronica nas ce a wani ƙaramin asibiti, unguwa na kiranta Maman Joyce. Katanga ɗaya ta raba gidajen biyu, kuma gajeriya ce, ta kanta ake miƙa gishiri, da ashana, da labari.

Shekara ta bi shekara, Labbo ya yi ta faɗi kamar gulbi a tsakiyar damina. Wuya ya fara nitsewa, kumatu suka sauko, teɓa ta yi gaba tana riga shi shiga zaure. Ba wanda ya ga aibu. A masallaci ana cewa Labbo ya samu. A gidan suna mata suna yi wa Balaraba kirari, wai ita ce ta iya riƙon miji, ita kuwa tana rufe baki da mayafi tana murmushi. Tela ya ƙara masa yadi, ya ƙara, har ya daina aunawa. Wanda kawai ya yi ƙorafi shi ne mashin ɗin Isuwa, wanda tayarsa ta baya ta koma kamar masa.

"Malam Labbo," in ji Isuwa wata rana a kan hanyar Argungu, "da mu biyu muke hawa mashin ɗin nan. Yanzu mu nawa ne?"

"Tuƙa, ɗan hassada. Kai da iska ka ɗauka in ka buɗe riga."

Sai jiki ya fara nasa zancen, a hankali, yadda ruwa ke cin gaɓa. Gwiwoyi suka fara ƙara in zai tashi daga sujada. In ya taka daga bakin titi zuwa gona sai ya tsaya yana haki, ya yi kamar yana duba sararin sama. Minsharinsa ya kai Isuwa yana jinsa ta katanga, ga shi kuma da rana barci yana sace shi a bayan mashin, har sai Isuwa ya riƙa yi masa hira da ƙarfi don kada ya zame. Ƙeyarsa tana sara da safe. Duk wannan Labbo ya ce gajiya ce.

Ranar da abin ya fito fili, a fadamar Ambursa ne. Shinkafa ta nuna, ta sunkuyar da kai, fadama ta yi jawur har iyakar gani. Labbo ya duƙa zai tsinki zangarniya ya duba, sai duniya ta juya masa. Ya ga gona a sama, sama a ƙasa. Ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin taɓo. Masu yanka suka yar da lauje suka rugo. Wannan ya kama hannu, wannan ya kama riga, taɓo kuma ya ce bai yarda ba. Sai da aka kawo wani ƙaton icce aka sa masa ya dafa, ana "ja, ja" kamar ana fid da saniya daga rijiya, sannan ya fito, takalmi ɗaya ya zauna can har abada. Kowa ya yi dariya, har shi. Isuwa ne kaɗai bai yi ba, don ya ga yadda leɓen maƙwabcinsa ya yi fari.

Da suka koma gida da la'asar, Isuwa ya leƙa ta katanga ya kira matarsa. Veronica ta zo da abin awon jini, ta naɗa a dantsen Labbo da ƙyar, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa. Fuskarta ta canza.

"Baban Nazifa, gobe da safe asibiti. Ba jibi ba."

"Haba Maman Joyce, santsi ne fa. Taɓo ne yad ɗauke ni."

"Taɓo ba ya hawar da jini. Maman Nazifa, ki ji da kunnenki, in bai je ba ni da ke ne."

Likita ya tabbatar da abin da ta gani. Jini ya hau sosai, ciwon suga kuma yana bakin ƙofa yana sallama. Aka ba shi magani, aka ce ya rage jiki. Amma a tsakar gida ne, a kan tabarma, Veronica ta warware musu zancen yadda ya shige su. Ta ce zuciyar da ke ƙirjin Labbo ita ce dai wadda ya hau gora da ita a Argungu, ba a canza masa wata ba, ga shi yanzu tana tura jini cikin jikin mutum biyu. Ta ce kitsen teɓa ba a waje kaɗai yake ba, yana can ciki ya nannaɗe hanta da hanji, shi ke sa jiki ya kasa sarrafa sukari. Gwiwoyin ma kaya ne ya fi ƙarfinsu. Ta ce abin da take tsoro shi ne wata safiya ya tashi ɓarin jiki ya mutu, baki ya karkace.

Balaraba ta dafe ƙirji. Ita da ake yi wa kirari a gidan suna, yau ta ji kirarin ya yi mata ɗaci. Labbo kuwa da ya ji an ambaci baki sai ya taɓa nasa. Da shi yake ci, da shi yake ciyarwa.

A gida abin bai yi wuya ba. Balaraba ta rage mai, ta ɓoye gwangwanin sukari, ta ƙara ganye. Wuyar tana ƙauye. In ya ci gaba da cin akushin kowane gida, zai kashe kansa. In ya ƙi ci, manoma za su rufe masa buhu, sana'ar da ya gina da bakinsa ta rushe. Kuma duk Gulma ido yana kan gida ɗaya, gidan Baba Hodi, dattijon da in ya ba dillali shinkafarsa kowa ya bayar, in ya hana kowa ya hana.

Labbo bai faɗa wa kowa a ƙauye cewa ba shi da lafiya ba. Yana tsoron a ce dillali ya fara lalacewa, a nemi wani. Ya kwana biyu yana tunani, sai dabara ta zo masa a kan mashin, yana kallon ƙashin bayan Isuwa da ke turo riga.

Da suka isa zauren Baba Hodi aka kawo akushi, Labbo ya wanke hannu, ya gutsuri loma ɗaya, sannan ya tura akushin gaban Isuwa.

"Mi ke nan?" in ji Baba Hodi.

"Baba, na naɗa wakili. Wanga shi na wakilin cikina. Duk abin da yac ci, ni na ci."

"Wakilin ciki? Tun da uwata ta haihe ni ban ji ba."

"Baba, ranar da anka ɗaura aurenka da Inna, kai kab buɗe baki ko wakilinka?"

Dattijo ya shafa gemu, sai dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya ce in dai aure ya ɗauru da wakili, tuwo ma ya ciwu. Isuwa ya yi addu'arsa a zuci, ya naɗe hannun riga, ya share akushi tas. Aka buɗe buhu.

Labari ya bi fadama kamar wutar kara. Kowane gida yana son ya ga wakilin ciki da idonsa, kuma matan gida suka ɗauki ramar Isuwa a matsayin aikin da Allah ya kawo musu har zaure. Aka ƙara man shanu. Isuwa, wanda tun yana yaro ba a taɓa roƙonsa ya ci abinci ba, ya riƙe muƙaminsa da gaskiya. Labbo yana gefe yana yabo kamar kullum, da cikinsa wayam, yana jin wani sauƙi da ya manta da shi.

Haka aka gama kakar damina, aka shiga noman rani. Labbo ya fara saɓule. Isuwa ya fara cika. Da farko kumatu ne, mutanen cocinsu suka ce hutu ya karɓe shi. Sai wata Lahadi da safe, ana shirin tafiya coci, aka ji muryar Veronica ta tsallako katanga.

"Baban Nazifa! Fito!"

Labbo ya fito da butarsa. Ga Veronica riƙe da wandon kwat na mijinta, maɓalli ya tsinke. Ga Isuwa a bayanta ɗaure da zani, da wata 'yar teɓa sabuwa fil kamar an kifa ƙaramar ƙwarya.

"Na ce ka rage kitse, ban ce ka tsallako da shi gidana ba! Na auna shi jiya, shi ma jininsa ya fara motsi. Me kuke yi a ƙauyen nan?"

Isuwa ya dubi ƙasa. "Aiki ne aka ba ni, Mama."

"Wane aiki?"

"Wakili."

Balaraba, da ta fito da muciya a hannu, ta ji bayani, ta zauna a bakin murhu tana dariya har hawaye. Veronica ta so ta riƙe fushi, bai riƙu ba. Amma da dariya ta lafa ta ce an tuɓe wakili daga yau, kuma ba wasa take ba. Ta ce ciwon nan ba ya tambayar mutum ko siriri ne a da.

Shinkafar rani ta nuna, ranar zuwa Gulma ta zo. Labbo ya hau mashin ba wakili, ba dabara. A hanya Isuwa bai tsokane shi ba. A zauren Baba Hodi aka kawo akushi mafi girma da gidan ke da shi, an yanka zakara, mai yana ƙyalli. Isuwa ya haɗiye yawu ya koma bakin ƙofa ya zauna a kan hannuwansa.

"Wakili, matso mana," in ji Baba Hodi.

"An sauke ni, Baba. Daga sama aka sauke ni."

Dattijo ya juya ga Labbo. Labbo ya dubi akushi, ya dubi buhunan da aka jera a jikin bango, sannan ya zaro ƙullin maganinsa daga aljihu ya ajiye a kan tabarma.

"Baba, ba ni da lahiya. Hawan jini gare ni, suga kuma shina tahe. Likita ya ce ƙibag ga ita ka son kashe ni. Wallahi ba raini ba ne. In na ci wanga akushi, da na gidan gaba, da na gaba da shi, wata rana a kan tabarmar wani za a ɗauke ni."

Baba Hodi ya ɓata fuska. "Ƙiba ciwo? Mu da muka roƙon Allah shi ba mu? Kai dai ka ce ka samu manya a birni, tuwonmu ya yi maka ƙauye."

Ya miƙa hannu ya jawo faifai zai rufe akushin. Labbo ya san abin da ke biye da wannan, addu'ar wata shekara. Sai aka ji gyaran murya daga bayan ƙofar cikin gida. Inna Ni'ima ce, matar Baba Hodi, wadda Labbo ya shekara da shekaru yana cin girkinta bai taɓa jin muryarta sama da gaisuwa ba.

"Malam, dakata. Labbo, da gaske likita yac ce haka?"

"Da gaske, Inna."

"To ka ko san yayana Ummaru na Argungu? Jikinai kamar naka. Muna ta cewa ya ji daɗi. Yau shekarunai nawa kwance, sai an juya shi, sai an ba shi a baki." Ta matso kusa da labule. "Kuma bari in gaya maka, kai kaj ja ma kanka. Kai ka zuwa nan ka ce na Ambursa sun iya tuwo, mu ji haushi mu juye man shanun da muka tarin sati. Ka tahi can ka ce na Gulma sun hi su, su ma su juye nasu. Mun gaji, Labbo! Kajin garin ga in sun ji kukan mashin ɗinku gudu su kai."

Isuwa ya fashe da dariya a bakin ƙofa. Labbo ya sunkuyar da kai. Baba Hodi ya dubi ƙofar cikin gida, ya dubi zakaran da ke cikin miya, wanda da ma shi ne mai tashe shi da asuba.

"Ashe don wanga ƙato anka yanka min zakara," ya ce a hankali.

Hannun Inna Ni'ima ya fito ta labule ya janye akushin. Jim kaɗan ya dawo da 'yar ƙaramar tasa, da tuwo kamar dunƙulen hannu, da miya ba mai, da kwaɗon zogale a gefe, da ruwan randa a moɗa.

"Ci wanga. Al'ada ta ce a ci, ba ta ce a mutu ba. Sauran matan ka bar ni da su, akwai suna gidan liman ran Juma'a."

Labbo ya ci ya side hannu. Ya ɗaga murya zai fara yabo, sai Inna ta ce, "Kuma ka yi shiru." Ya yi shiru. Baba Hodi ya tashi da kansa ya kwance bakin buhun farko, ya ɗebo shanshera ya zuba masa a tafin hannu.

Kafin kaka ta zagayo, zancen ya bi bakin mata daga Gulma ya kai Ambursa. Yanzu duk zauren da Labbo ya shiga ƙaramar tasa ce ke jiransa, wani wuri gasasshen kifi, wani wuri nono ba sukari. Isuwa ma tasarsa daban, bisa umarnin Maman Joyce. Akwai gidaje biyu uku da har yau suke ganin abin raini ne, sun koma wa wani dillali, Labbo kuma bai bi su ba.

Bai koma karan gero ba, kuma ba zai koma ba. Har yanzu babban mutum ne, yana shan maganinsa, Veronica tana naɗa masa abin awo a kai a kai tana yi masa faɗa in ya saci ƙosai. Amma gwiwa ta rage ƙara, minshari ya daina tsallaka katanga, tela ya nemo tsohon awonsa. In sun isa bakin fadama yakan ce Isuwa ya kashe mashin, su taka. Za ka hango su da hantsi a kan kunyar da ta ratsa gonaki, ruwa yana ƙyalli dama da hagu, balbelu suna tashi a gabansu, Labbo a gaba yana share gumi, Isuwa a baya yana tura mashin yana mita, wai shi ne kaɗai mai mashin a jihar Kebbi da fasinja ke ɗauka don ya raka shi tafiyar ƙasa.

Kwanan baya sun bi ta Argungu, Labbo ya leƙa zauren ubansa. Homa tana nan a rataye, gora tana kusurwa ta sha ƙura. Ya ɗauko ta ya goge da hannun riga, ya ƙwanƙwasa ya ji amonta.

"Kada ka soma," in ji Isuwa. "Ba ni da iccen da zan fid da kai daga gulbi."

Labbo ya kara gorar a cikinsa, ya auna, ya yi murmushi.

"Ba bana ba," ya ce. "Amma ɗaure min ita a bayan mashin."